Cajar batirin litiyam ta haɗin hannu: ina ake tare karant, kuma ina zafin ke tafiya?

Ƙwayar batirin litiyam ba ta iya cewa "ya isa". Abin da caja ta turo mata shi za ta haɗiya, ko da shi ne ajalinta. Ɗauki ƙwaya irin 18650, wadda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfutar hannu. A ce wutarta ta sauka zuwa bolt 3.2, kai kuma ka jona ta kai tsaye da wutar da ka saita a bolt 4.2. Tsakaninsu bolt ɗaya ne tak, abin da ido zai raina. Sai dai turjiyar cikin ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, wajen om 0.05, wayoyi da wuraren haɗi kuma su ƙara wani 0.05. Raba 1 da 0.1, karant ɗin, wato yawan wutar da ke kwarara, amfiya 10 ke nan. Ƙwaya mai ɗaukar mAh 2500 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), kamfanin da ya ƙera ta amfiya 1.25 ya yarda a ba ta a cajin yau da kullum. Wato tun kafin boltej ya wuce ƙa'ida ko da kaɗan, an riga an ɗura mata ninki takwas na abin da za ta iya sha.

Ɓarnar da hakan ke yi ba a ganinta daga waje. Lokacin caji, litiyam yana tasowa daga ɓangaren fozitib ya je ya kutsa tsakanin shimfiɗun girafait da ke ɓangaren negetib. Kutsawar nan tana da iyakar gudu. Idan litiyam ya iso da yawa fiye da yadda girafait zai iya karɓa, sai ya taru a saman ya koma ƙarfe, wani lokaci ya riƙa tsiro kamar ƙaya. Tsakanin fozitib da negetib kuwa ba komai sai wani ɗan siririn shamaki na roba, kaurinsa wajen maikoron 20. Ranar da tsiron ya huda shi, wuta ta haɗu daga ciki, inda babu fiyus ɗin da zai kai ɗauki. Sanyi yana ƙara rage gudun kutsawar, shi ya sa kamfanoni ke rubuta cewa a yi caji tsakanin digiri 0 da 45, kuma ƙasa da sifili kada a yi sam.

To nawa ya kamata a bari ya wuce? Masu wannan aiki da harafin C suke magana. 1C shi ne karant ɗin da zai juye cikakken batir cikin awa ɗaya: ga ƙwaya mai mAh 2000, amfiya 2 ke nan, 0.5C kuma amfiya 1. Yawancin ƙwayoyi na yau da kullum 0.5C ne abin da suka fi so, wasu su jure 1C. Ƙwayar da aka ciro daga tsohon batir kuwa, kai ba ka san wahalar da ta sha ba, don haka 0.2C zuwa 0.3C ya wadatar. Sannan a yi hattara da rubutun jiki. Akwai 18650 da ake buga wa mAh 9900, alhali mafi ƙarfin waɗanda manyan kamfanoni ke ƙerawa a wannan girman ba su wuce wajen 3500 zuwa 3600 ba. Masu ƙaryar nan sau da yawa ko 1000 ba sa cikawa. Wanda ya ɗora lissafin 0.5C a kan 9900 zai saita cajarsa a kusan amfiya 5, a kan ƙwayar da rabin amfiya ne ƙarfinta.

Cajin litiyam mai kyau hawa-hawa ne. Idan ƙwayar ta yi ƙasa sosai, ƙasa da bolt 3, ana lallaɓa ta da ɗan karant kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin goma na cikakken. Daga nan a riƙe karant a tsaye, boltej na hawa da kansa. Da ya taɓa 4.2 sai a juya: a riƙe boltej a tsaye, karant ya riƙa sauka da kansa. Idan ya sauka zuwa kashi 5 ko 10 cikin ɗari na C, a yanke wuta gaba ɗaya. Da'irar taƙaita karant hawa na biyu kawai take riƙewa. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya ajiye a ransa tun yanzu, domin yawancin cajojin haɗin hannu da ke kashe batir, taƙaitawar tasu lafiya lau take aiki. Wajen miƙa ragama ga boltej, wajen tsayawa, da wajen zubar da zafi, nan ne suke faɗuwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce rezista ɗaya, wato ɗan abin da ke rage kwararar wuta, a kan layi. Wuta tsayayya ta bolt 4.2, rezista mai om 1.2, ƙwaya a bolt 3: amfiya ɗaya. Da kyau. Amma a bolt 3.7 karant ya sauka zuwa 0.42, a bolt 4 ya koma 0.17, kuma a wannan tsakanin ne mafi yawan cajin yake. Ƙwaya mai mAh 2500 sai ta kwashe awa bakwai ko takwas kafin ta kusa cika, ragowar kuma jan ƙafa ne kawai. Nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya bar wutar a bolt 5 na USB don abin ya yi sauri. Yi lissafin: ƙwaya ta kai 4.2, saura bolt 0.8 a kan om 1.2, amfiya 0.67 na ci gaba da shiga, kuma ba abin da zai tsayar da shi har sai ƙwayar ta doshi bolt 5. Ba za ta kai can lafiya ba.

Daga nan yawancin mutane LM317 suke nufa, kuma da dalili. Aisi ne, wato ƴar da'ira haɗaɗɗiya a cikin jiki ɗaya, mai ƙafa uku da kamfanin National Semiconductor ya fitar a 1976, ƙirar Robert Dobkin, kuma aikinsa ɗaya ne: duk yadda za a yi, sai ya riƙe bolt 1.25 tsakanin ƙafar OUT da ƙafar ADJ. Idan ka sa rezista tsakanin ƙafafun nan biyu, ka ɗauki wutarka daga gefen ADJ, to karant ɗin da zai wuce shi ne 1.25 a raba da rezistar. Om 1.2 ya ba ka amfiya 1.04, om 2.4 ya ba ka 0.52, om 2.7 ya ba ka 0.46. Rezistar kanta tana cin wuta: a amfiya ɗaya wat 1.25 ne, don haka mai wat 3 za a sa, ba ƴar ƙarama mai rubu'in wat ba, wadda za ta yi baƙi cikin minti. A bayansa sai a ƙara LM317 na biyu da aka saita a bolt 4.2. Na farko ya riƙe karant, na biyu ya riƙe boltej, kuma miƙa ragamar tana faruwa da kanta ba tare da wani makunni ba.

A tuna dai cewa wannan aisin ya girmi batirin litiyam na kasuwa da shekara 15, tunda sai a 1991 Sony ta fara sayar da shi. Zane-zanen caja da ke cikin takardar bayanan LM317, waɗanda har yau ake kwafa daga hannu zuwa hannu, na batirin ruwa mai dalma ne da irin su nikel-kadmiyam. Waɗannan suna yafe kuskuren ɗan boltej, kuma suna jure a bar su a wuta. Litiyam ba ya yafe ko ɗaya.

Yanzu ga kuɗin da ake biya. Kowane LM317 yana buƙatar bolt 2 zuwa 3 tsakanin shigarsa da fitarsa kafin ya yi aiki. Tara su: 4.2 na batir, 3 na aisi na biyu, 1.25 na rezista, 3 na aisi na farko. Kusan 11.5, wato adafta mai bolt 12. Idan ƙwaya tana 3.2 kuma amfiya ɗaya na wucewa, wat 12 ne ke shigowa, wat 3.2 kawai ke shiga batir. Ragowar wat 8.8 ba su ɓace ba, zafi suka koma. Da'ira irin wannan kamar direban da ya taka totur har ƙasa ne, sannan yake daidaita gudu da birki kaɗai: gudun zai daidaita, amma birkin ne zai ji a jikinsa. Rezista ta ɗauki wat 1.25, aisi na biyu wajen 2, na farko kuma ya kwashi sama da wat 5 da rabi shi kaɗai.

LM317 mai jikin TO-220, wato mai kunnen ƙarfe a baya, idan ba a ɗaure shi a ƙarfen shan zafi ba, kowane wat ɗaya yana ɗaga zafin cikinsa da wajen digiri 50, iyakarsa kuma digiri 125. Wat biyu ma sun kai shi bakin gaɓa, balle biyar da rabi. Ga yadda ake zaɓen ƙarfen. A ce kana so cikin aisin kada ya wuce digiri 100, iskar cikin akwatin cajar kuma ta kai 40. Saura digiri 60 a raba wa wat 5.5, wajen digiri 11 ga kowane wat. Daga cikin aisin zuwa bayansa an riga an ci 4 zuwa 5, man shafawa da takardar raba wuta su ci 1, abin da ya rage wa ƙarfen bai wuce 5 ko 6 ba. Wannan ba ɗan guntun alminiyam ba ne, ƙarfe ne mai fukafukai da zai kusa cika tafin hannu. Kuma a lura da lokacin da aka yi lissafin: lokacin da batir ya fi yin ƙasa. Wanda ya gwada cajarsa da ƙwayar da ta kusa cika, ya taɓa ya ji ɗumi kaɗan ya ce ta yi, bai gwada komai ba tukuna. Gaskiya ne aisin yana kashe kansa idan zafi ya yi yawa, amma wannan kariya ce ta ranar haɗari. Cajar da kullum sai ta kai can ba a gama ƙera ta ba.

Akwai wani tarko a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Kunnen ƙarfen da ke bayan LM317, wanda ake ɗaure noti a ciki, haɗe yake da ƙafar OUT. Idan ka ɗaure aisi biyun a ƙarfe ɗaya ba tare da takardar maika da ƴar robar noti ba, ka haɗa fitar na farko da fitar na biyu ke nan. Wuta ta tsallake rezistar aune, wato wadda ke saita karant, ta tsallake mai riƙe boltej. Aisi na farko ya duba ya ga babu bolt 1.25 tsakanin ƙafafunsa, sai ya buɗe gaba ɗaya yana neman sa. Batir ya fuskanci wajen bolt 10, ba abin da ke tsakani sai iyakar cikin aisin ta kusan amfiya 2. A ido da'irar daidai take, kowace waya na wurinta. Mita ce kaɗai za ta tona asiri: kafin a sa wuta, a auna tsakanin kunnen kowane aisi da ƙarfen, a tabbata ba su haɗu ba.

Wata dabarar ta fi wannan tsimin wuta: LM317 ɗaya da taransista ƙarama irin 2N2222 ko BC547. Aisin yana riƙe bolt 4.2. Tsakanin negetib ɗin batir da negetib ɗin adafta a sa rezistar aune. Taransistar tana kallon boltej ɗin da ke kan rezistar, ta hanyar wata mai om 100 a ƙafar bes. Da ya kai wajen bolt 0.6 sai ta fara buɗewa, ta ja ƙafar ADJ ƙasa, fitar aisin ta ragu. Lissafin: 0.6 a raba da rezista. Om 1.2 ya ba da rabin amfiya. Adafta mai bolt 9 ta isa, zafin aisin kuma wajen wat 2.6 ne idan ƙwaya na 3.2.

Ina son wannan zanen, amma ba a rufe ido a kan lahaninsa. Wannan 0.6 ba lamba ce tsayayya ba. Duk digiri ɗaya da taransista ta ƙara zafi, tana raguwa da wajen milibolt 2. Ta ɗumama da digiri 30, iyakar karant ta sauka da kashi goma cikin ɗari. A zafi wannan bai da illa, har ma taimako ne. A sanyi kuwa iyakar sama take yi, daidai lokacin da ƙwayar ke son a rage mata. Na biyu, LM317 ba ya iya sauka ƙasa da bolt 1.25 ko an ja ADJ har ƙasa. Idan wayoyin fita suka haɗu, wannan 1.25 zai faɗa kacokan a kan rezista mai om 1.2, karant ya haura amfiya ɗaya, ninki biyu na abin da ka saita. Don haka girman rezistar da na ƙarfen shan zafi, da wannan yanayin za a auna su. Na uku, ba ta san lallaɓawa ba: ƙwayar da ke bolt 2.5 ma cikakken karant za ta ba ta.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Bolt 4.2 na litiyam, sassaucin da ke kansa milibolt 50 ne kawai, wajen kashi ɗaya cikin ɗari. Shi kuwa 1.25 na LM317, takardar kamfani ta ce yana iya zama ko'ina tsakanin 1.20 da 1.30. Ka sa om 240 a sama, tsakanin OUT da ADJ, da om 566 a ƙasa, tsakanin ADJ da negetib, lissafi ya ba ka 4.2 cif, aisin da ke hannunka kuma ya ba ka ko 4.03 ko 4.37, gwargwadon wanda ka ci karo da shi. Na farkon ƙarancin caji ne kawai. Na biyun yana cin ran ƙwaya a kowane caji. Saboda haka dole a sa rezista mai murɗawa a saita da mita. Wurin da za a sa ta ma abin tunani ne. Harshen cikinta yana iya daina taɓawa idan ta tsufa ko ƙura ta shiga. Idan a ɓangaren ƙasa take, ranar da hakan ta faru boltej sama zai yi tsalle. Gara a sa ta a ɓangaren sama: om 220 tsayayya, a jera mata mai murɗawa ta om 50 da aka haɗe harshenta da ƙafa ɗaya, a ƙasa kuma om 560. Saitin zai yi yawo tsakanin wajen 3.84 da 4.43, kuma idan harshen ya saki, ƙasa boltej zai faɗa. Mitar hannu kanta tana iya kuskuren milibolt 20 zuwa 30 a wannan ma'aunin, don haka ni 4.15 nake ganin ya fi dacewa a nufa. Wanda ya tsaya a 4.1 zai rasa wajen kashi goma na abin da ƙwayar ke ɗauka, amma za ta fi daɗewa tana aiki.

Sai maganar dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, inda gyara ke zama ɓarna. Idan aka zare adafta aka bar batir a jone, wutarsa tana komawa baya ta rezistocin saiti, wajen miliamfiya 5. Ba yawa a ido, amma mAh 125 ne a yini, cikin sati uku ƙwaya ta ƙare ƙaf. Sai mutum ya sa dayod tsakanin caja da batir, ya ce dayod na cin bolt 0.7, bari in ɗaga saiti zuwa 4.9. Matsalar ita ce dayod 0.7 yake ci lokacin da karant ke da yawa. A ƙarshen caji, da karant ya koma ɗan kaɗan, abin da yake ci yana sauka zuwa 0.5 ko ƙasa da haka, batir kuma ya lallaɓa ya hau 4.4. Duk abin da cinsa ke canzawa da karant bai kamata ya zauna tsakanin wurin da ake auna boltej da batir ba. Dayod a gefen shiga, kafin aisin, ba ya taɓa saiti. Yanke batir daga rezistocin kuwa aikin makunnin lantarki ne, irin rile ko mosfet, ko kuma hannunka.

Mai son daidaito fiye da haka yana iya sa rezistar aune ƴar ƙarama, om 0.1, da aisi mai kwatanta boltej irin LM358, da TL431 a matsayin ma'auni tsayayye na bolt 2.495. Amfiya ɗaya ya zama milibolt 100, asarar wat 0.1 kacal, iyakar kuma ba ta yawo da zafi. Sai dai LM358 yana da nasa kuskuren da ke kaiwa milibolt 7. A wajen taƙaitawa kashi bakwai cikin ɗari ne, ana iya zama da shi. A wajen gane ƙarshen caji kuwa, inda miliamfiya 125 ke zama milibolt 12.5, kuskuren ya haura rabin abin da ake aunawa. Ga kuma rawar da irin wannan da'ira ke yi idan ba a sa ƴar kafasita ta kwantar da ita ba, rawar da mita ba ta nunawa. Hanya ce mai kyau ga mai koyo da ke da na'urar ganin zubin wuta.

Ra'ayina a fili yake: wanda caja yake so, ba darasi ba, ya sayi aisin da aka ƙera don wannan aikin. TP4056 yana yin hawa huɗun nan duka. Ƙasa da bolt 2.9 yana lallaɓawa, yana riƙe karant, yana riƙe 4.2, yana yankewa idan karant ya sauka zuwa kashi goma na saiti, kuma idan ya yi zafi yana rage karant da kansa. Rezista ɗaya a ƙafar PROG ce ke saita iyakar, lissafinta wajen 1200 a raba da om. MCP73831 na kamfanin Microchip ma haka yake, har zuwa miliamfiya 500, kuma ya fi shi daidaiton boltej. To amma sayen allo haɗaɗɗe bai sauke wa kowa nauyin lissafi ba. Kusan duk allunan TP4056 da rezista mai lamba 122 suke zuwa, wato om 1200, amfiya ɗaya. Ga 18650 mai lafiya daidai ne. Ga ƴar ƙwaya mai mAh 300, irin ta abin saurare na kunne ko ƙaramin jirgin wasa, ya haura 3C. Sai an cire ta da bakin ayan an sa mai om 8200, a samu wajen miliamfiya 150. Haka nan shi ma da zafi yake biyan bambanci: bolt 5 a shiga, 3.2 a batir, wat 1.8 a jikin da bai kai farcen yatsa ba, shi ya sa da wuya ka ga ya riƙe cikakken amfiya a farkon caji. Ƙafarsa ta auna zafin batir, a yawancin allunan an haɗe ta da negetib an kashe aikinta. Idan aka juya batir kai ya koma ƙafa, aisin ƙonewa yake yi nan take. Kuma idan akwai na'urar da ke jan wuta mai yawa daga batir ana cikin caji, karant ba zai taɓa sauka zuwa kashi goman ba, cajin ba zai yanke ba.

Idan ana son amfiya 2 ko 3, ko ana cajin ƙwayoyi da aka jera, zubar da bambanci a matsayin zafi ya daina yiwuwa. Nan ake komawa ga allunan da ke yanyanka wuta da sauri su sauke boltej, irin masu LM2596 ko XL4015, waɗanda ke da abin murɗa boltej da na murɗa karant. Daga bolt 12 zuwa 4 a amfiya ɗaya, abin da suke zubarwa wajen wat ɗaya ne kawai. Lahaninsu biyu ne. Fitilar da ke canza launi ta ce caji ya cika, faɗa kawai take yi, ba ta yanke komai. Sannan idan makunnin cikin aisin ya ƙone ya haɗe, bolt 12 ɗin nan gaba ɗaya kan batir za su sauka.

Wannan ne ya sa ake son kariya ta biyu wadda ba ruwanta da cajar: ɗan allo mai DW01 da mosfet biyu, ko BMS, wato allon da ke kula da kowace ƙwaya a jeri, idan ƙwayoyin da yawa ne, da fiyus kusa da batir. A dai fahimci matsayinsa. DW01 sai wajen bolt 4.3 yake yankewa, kuma ba ya daidaita karant, jira yake abu ya ɓaci ya datse. Mai barin BMS ya zama shi ne ke tsayar da cajinsa kullum, yana kai ƙwayoyinsa sama da ƙa'ida a kowane zagaye. A jerin ƙwaya uku kuma, bolt 12.6 a bakin waya bai nuna kowace na 4.2 ba, ɗaya na iya zama 4.35 wata 4.05, kuma babu mai taƙaita karant da zai ga wannan. Haka ƙwayar LiFePO4, wani nau'in litiyam na daban, ita a 3.6 zuwa 3.65 take cika, cajar 4.2 ba tata ba ce ko da karant ɗin daidai yake.

Gwaji ba da batir ake fara shi ba. Da farko a saita boltej babu komai a jone. Sannan a sa rezista mai wat 10 a madadin batir, wadda za ta nemi fiye da iyakar: ga caja mai amfiya ɗaya, om 3 za ta nemi 1.4, kuma ya kamata mita ta tsaya a 1, boltej ya sauka zuwa 3. A bar ta a haka rabin awa a cikin akwatinta a rufe, a auna zafin ƙarfen, a sake duba ko iyakar ta gusa. Daga nan a haɗa bakin wayoyin ta cikin mita a ma'aunin amfiya 10, na daƙiƙa kaɗan, a ga abin da shot, wato haɗuwar wayoyin, ke jawowa. Bayan ta huce a sake auna boltej ba kaya, a ga ko yana inda aka bar shi.

Sai a zo kan ƙwaya. A auna ta tukuna: wadda ta daɗe ƙasa da bolt 2, tagullar cikinta tana iya narkewa ta sake daskarewa a inda bai kamata ba, ba a farfaɗo da irinta. Wadda ta kumbura, ta lotsa ko rigarta ta yage ma a ajiye ta gefe. Mai lafiyar a ɗora ta a kan tayil ko cikin kwanon ƙarfe marar murfi, nesa da labule da takarda, mita ɗaya a kan boltej, wata a kan karant, mutum kuma yana wurin. A 0.5C, karant zai tsaya cak na wajen awa ɗaya da rabi, boltej ya taɓa saiti, sannan karant ya fara gangarowa, da sauri da farko, daga baya a hankali. Duka-duka wajen awa uku. A wannan gudun ƙwaya mai lafiya ɗumi kaɗan take yi. Idan awa huɗu ta wuce karant ya ƙi sauka, ko ya sauka ya sake hawa, jikin ƙwayar kuma yana ƙara zafi, wutar da ke shiga ba ajiye ta ake yi ba, yoyo take ta wani haɗi a ciki. A zare adafta, a fitar da ƙwayar waje a kan siminti ko yashi, kada a mayar da ita kan caja.